Taƙi Ɗaya Bisa Rawani

Ku da kuka tashi a gidan nan kun ji ana cewa kakanku na wajen uwa, Malam Barmo, ya bar kiran salla ne don mutanen ruwa sun taɓa shi a gulbi, shekarar da aka samu mulkin kai. Wasunku a bakin tsofaffin mata suka ji, wasu a bakin rijiya, kuma na san akwai wanda aka yi wa gori da maganar a lakol, makarantar boko, har ya dawo gida da riga a yage. Ban taɓa ce muku haka ne ba, ban kuma taɓa ce muku ba haka ba ne. To yau ina faɗa muku, ba haka ba ne. Babu abin da ya taɓa shi sai sandar gwangwala, ni na ɗaura ta da hannuna, na kuma ɗaura ta ƙasa da inda ya kamata. Shi ya rasu, uwarku ta rasu, Dogo da ya ga kome shi ma ya bi su. Saura ni, idona kuwa ya fara gajiya da takarda. Bari in rubuta tun ina gani.

Sai na fara da jirgin, don yawancinku ba ku tarar da shi ba. Lokacin da aka ɗebe mu soja an kai ni wani gari a bakin teku, aka ba ni ga wani hafsan Nasara in riƙa yi masa hidima. Yana da ɗan jirgin katako, ba inji, ba a kuma tura shi da sanda, iska ce ke tafiya da shi. Itace ake kafawa a tsaye a cikinsa kamar dirka, a rataya masa ƙyalle mai faɗi. A gindin ƙyallen akwai wata sanda a kwance, kanta ɗaya a ɗaure jikin dirkar, ɗaya kan yana yawo bisa mutanen da ke zaune. Ita ke shimfiɗa ƙyallen don ya sha iska. Duk sa'ad da aka juya jirgin sai sandar nan ta tashi daga wannan gefe ta koma wancan, da ƙarfin duk iskar da ke cikin ƙyallen, ba ta kuwa tambayar wa ke kan hanya. Da ƙulu a goshi na koyi wannan. Ƙa'idar ba ta da wuya. Ka zaunar da wanda ya fi kowa tsawo a inda zai zauna, da abin da ke bisa kansa, ka auna taƙi ɗaya sama da shi, nan za ka ɗaure sandar kwance. Sa'an nan kafin ka juya ka ɗaga murya ka ce a sunkuya. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Ku riƙe shi, don kada wani ya ce muku rashin sani ne.

Garinmu kun san inda yake, gulbi na tsakaninmu da Gidan Rumji. Da rani yashi ne, jaki na ratsa shi bai jiƙa kofato ba. In damina ta yi nisa sai ruwa ya sauko daga kudu ya shafe fadama, ya hau har gindin giyayyu. A zamanin babu gada a wajenmu. Mai son ƙetarewa sai ya je wurin masu fito, ya tuɓe, ya zuba tufafinsa cikin babbar ƙwarya, ya rungumi gora, su ja shi suna iyo. Talaka da mai gari duk haka suke isa hayi, da ɗan bante, suna rawar ɗari. Malam Barmo kaɗai ban taɓa ganin ya yi wannan fito ba. Shi ne ladanin masallacinmu tun ban san kaina ba, dogon mutum mai ƙarancin magana, wanda ba a taɓa gani ba rawani ba, ko a gona. In ruwa ya zo sai ya zauna a gari har ya janye, ko rasuwa aka yi a hayi sai dai ya aika da gaisuwa. Mutane na cewa tsoron ruwa yake, suna dariya a ɓoye. Ni ban shiga dariyar ba, don ina auren ƴarsa Rabi, uwarku. In na hango shi a hanya tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Haka kowa ke yi da surukinsa a lokacin.

A shekarar da Nasara ke haɗa kayansu, wani daga cikinsu mai aikin hanya ya bar ɗan jirgin katako da yake harbin dinya da shi a tabki. Na taɓa yi masa gadi, da zai tafi ya ce in ɗauka ko makamashi in yi. Na sa aka jawo shi a amalanke har bakin gulbi, na toshe tsagunansa da auduga da ƙaro. Da a nan na tsaya, na riƙa tura shi da sanda kamar kowane mai fito, da ba ni da abin rubuta muku. Amma na dawo daga soja da akwatin ƙarfe ɗaya da girman kai wanda ya fi akwatin nauyi. Ni wanda ya ga teku ne. So nake mutanen Gidan Rumji su fito bakin ruwa su ga abin da ba su taɓa gani ba, su tambayi ɗan wane ne.

Uwarku tana da zaren da ta daɗe tana kaɗi, ta ba masaƙi ya saƙa mata fari da nufin ta yi gwado. Na roƙe ta, ta ba ni ba gardama. Maɗinki ya jera shi falle bisa falle, a kwance, ya ɗinke. Dirka na saro ta marke, mafi tsawo da miƙewa da na samu a dajinmu. Sandar kwance kuwa gwangwala ce mai kauri da na saya wurin fatake masu zuwa daga Jibiya. Ranar da na haɗa su, na ja kan ƙyallen har ƙarshen dirka, na ɗaure gwangwalar a inda idona ya ce mini nan ne daidai, sai ga falle ɗaya ya yi saura yana lilo a ƙasa. Ƙyallen ya fi dirkar tsawo. Abu biyu ne a gabana, ko in yanke fallen nan, ko in sauko da sandar ƙasa don ƙyallen ya shiga dukansa. Uwarku ta kawo mini fura bakin gulbin a lokacin, tana da cikin babban wanku, ta tsaya tana kallo. Na yi mata bayani.

"Yanke shi mana," in ji ta. "Ai zare ne, ba hwatar jikina ba. In ka yanke ka ba ni in yi majanyi."

Daga baya na sha gaya wa mutane cewa tausayin wahalarta ya hana ni sa wa ƙyallen almakashi. Ƙarya ce. Ita ta ce in yanke. Abin da ya hana ni shi ne ina son ƙyallen ya yi girma, a hango shi tun daga kasuwa. Na sauko da sandar.

Don in rufe bakin zuciyata sai na kira Dogo in yi awo. Dogo taubashina ne, ɗan ƙanwar ubana, mai fito ne tun yana saurayi, kuma tun muna yara ba ya buɗe baki gare ni sai da tsiya. Na zaunar da shi a ƙasan jirgin, bisa katako, ya ma cire hula saboda zafi. Na turo gwangwalar ta wuce bisa kansa, tsakaninta da gashinsa bai fi yatsa biyu ba.

"Kai soja," ya ce, "wagga sanda taka wanzamiya ce? In ta gama da bisa, ce mata ta gyara mini ƙeya."

Na ce masa ai ba duka mutanen gari ne giginya irinsa ba. Ya ce giginya ɗaya dai ya sani da ta fi shi tsawo, wadda nake durƙusa wa a hanya, sai dai Allah ya taimake ni ita ba ta shiga ruwa. Muka yi dariya, na ɗaure igiyar tamau.

Da ruwa ya zo jirgin ya yi aiki. Iskar damina ta cika ƙyallen, ya ja mu har hayi ba wanda ya tuɓe. Hanyar ruwan tana da lanƙwasa ɗaya, daf da hayin Gidan Rumji, inda giyayyu suka tsaya cikin ruwa, dole a nan a juya kafin a kai mashaya. In mun kusa wurin sai in yi kururuwa in ce a sunkuya, kowa ya kifa kai, mata su rungume ƙoransu, sanda ta wuce. Ban bar mai gari ba, ban bar liman ba, duk na faɗa musu sun kuma bi. Daga nan aka sa mini suna Asunkuya, wanda kuka ji tsofaffi na kirana da shi. Na ji daɗin sunan.

Ana cikin haka saƙo ya zo cewa dattawan kowane gari su hallara Gidan Rumji, za a sauke tutar Nasara a ta da tamu. Mai gari ya ce ba ya tafiya sai da liman da ladan. Da maraice uwarku ta dawo daga gidansu ta ce babanta na tambaya, shin gaskiya ne mutum na ƙetarewa a jirgin nan bai cire kome daga jikinsa ba? Na ce ta gaya masa ko takalminsa ba zai jiƙe ba. Na kwana ina murna. Mutumin da bai taɓa yarda da ruwan damina ba, ni zai fara yarda da shi, a gaban ƙasa duka.

Da safe ina shirin fita Inna, mahaifiyata, ta tare ni a ƙofar ɗaki. Ta ji a bakin mata cewa a ƙasan jirgin ake zama, katakon kuwa ba ya rabuwa da laima.

"Surukinka za ka zaunar bisa jiƙaƙƙen katako, gwiwa da gwiwa da kai? Mi za a ce da gidanga? Ɗauki akwatin nan naka, ka shimhiɗa mishi buzu."

Ba laifinta ba ne, ita ladabi ta sani, ba ta san gwangwala ba. Ni na ɗauki akwatin soja a kaina har bakin gulbi, na aje shi tsakiyar jirgin, na shimfiɗa buzu. Malam ya iso cikin babbar riga fara da rawanin turkuɗi, shuninsa har ya sauka a wuyansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana duban wani wuri kamar yadda ya saba. Ya shiga ya zauna. Da na ɗaga ido sai na ga gwangwalar tana daidai da kunnensa. Dogo da ke gaba riƙe da sandar turi shi ma ya gani. Ya dube ni, ba dariya a fuskarsa. Ya zo kamar zai gyara igiya, ya ce mini ƙasa-ƙasa a sauke ƙyallen mu tura da sanda. Akwai dabara fiye da ɗaya a lokacin. Ina iya sauke ƙyallen yadda ya ce. Ina iya naɗe fallen ƙasa in ɗaga sandar, aikin da bai wuce a sha fura a tashi ba. Amma mutanen garinmu sun cika bakin ruwa, ana guɗa, kuma kwance igiya a gabansu kamar cewa ne soja ya yi kuskure. Na ce wa Dogo in mun kai giyayyu zan sauke. Na yi nufin haka, ko kuwa na gaya wa kaina na yi nufin haka.

Ban taɓa samun iska mai kyau irin ta ranar ba. Jirgin ya miƙe ba girgiza, ruwa na tsagewa a gaba. Mai gari da liman na zaune a ƙasa suna hira. Malam da farko ya riƙe bakin akwatin da hannu biyu. Can sai na ga ya saki hannu ɗaya ya tsoma yatsunsa cikin ruwan, yana duban ƙyallen ƴarsa a cike. Ya ce wa liman, amma don in ji:

"Ikon Allah. Ashe ba yawon banza munka aike su soja ba."

Tun da na auri uwarku ban taɓa jin kalmar yabo daga bakinsa ba sai ranar. Muka doshi giyayyu. Daga nan ana ganin hayi sosai: jama'a kamar ranar idi, makaɗa, ƴan lakol a jere, jandarma da sababbin huluna, duk ido ya koma kanmu. Dogo ya waiwayo yana jiran in saki igiya. Na duba taron, na duba ƙyallen, na ce a raina in na sauke shi a nan za mu isa da sanda kamar kowa. Ban sauke ba. Na tura akalar jirgin don ya juya, na buɗe baki in faɗi kalmar da na saba. Kalmar da na faɗa wa mai gari da liman ba kunya, sai na kasa faɗa masa ita. Yaya zan ce wa uban matata ya sunkuyar da kai, ni da nake sunkuya masa tun daga nesa? Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah gafarta Malam," ban ƙara kome ba. Mai gari da liman sun san wurin, tuni sun kifa kai. Shi kuwa sai ya miƙe zaune, ya juyo don ya ji abin da zan ce.

Gwangwalar ta same shi a gefen kai, ta ɗauke shi daga bisa akwatin. Ruwan wurin bai wuce ƙirji ba, Dogo kuwa ya faɗa kafin in saki akala, ya ta da shi tsaye. Bai ji ciwon kirki ba, kunnen ne ya ɗan tsage. Amma rawanin ya warware, ruwa ya ja shi, muna gani yana tafiya tsakanin giyayyu, dogon baƙin layi. Kan Malam a aske yake ƙwal, sai a tsakiya akwai tukku guda, a kitse, ya yi furfura, da wuri ɗaya a ɗaure a bakinsa. Ku na yanzu ba ku san shi ba. Irinsa Azna, masu addinin gargajiya, ke bar wa yaron da aka roƙo a bakin ruwa, alamar cewa na masu ruwan ne. Duk wanda ke tsaye a hayin nan ya san abin da yake gani, a kan mutumin da ke ta da mu sallar asuba. Ganguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Wata mace ta yi dariya ta kama bakinta. Malam bai sa hannu ya rufe kansa ba. Dogo ya cire hularsa ya miƙa masa, ya karɓa ya sa, ya taka cikin ruwa har tudu. Ya tsaya aka ta da tuta, rigarsa na ɗiga, aka yi addu'a ya shafa. Da yamma bai dawo ta jirgina ba, gora ya runguma kamar kowa.

Kashegari da asuba ba a ji muryarsa ba. Liman ya same shi a gida ya ce ya aske abin ya koma bakin aikinsa, magana ta wuce. Malam ya ce ba ya askewa, ba ya kuma hawa ya kira mutane salla suna duban rawaninsa suna tunanin abin da ke ƙasa. Kafin kasuwa ta zagayo gari ya gama haɗa labarinsa: wai shi ya sa yake gudun gulbi, don ya san suna jiransa, ranar da ya shiga kuwa suka gane nasu suka tuɓe masa rawani. Mai gari da liman kansu na ƙasa, ba su ga kome ba. Na hayi sun ga faɗuwa, ba su san ƙa'idar sanda ba. Aka tambaye ni a dandali, ni da nake riƙe da akala, me na gani. Na ce Allah ne masani. Wannan ya fi gwangwalar muni, don ita sau ɗaya ta buge shi, ni kuwa duk wanda ya tambaye ni haka na ce masa.

Uwarku ta haɗa ƙoranta a rana ta uku. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Na ce ka yanke." Ta tafi gidansu. Ƴan'uwanta maza na jiran su ji ko da gangan ne, ko da sakaci, sun kuma faɗa a fili cewa in hannuna na ciki auren ya ƙare. Dogo bai tona ni ba, amma ya daina yi mini tsiya. In mun haɗu sai ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi gida, ya wuce. Wanda bai da taubashi ba zai san zafin wannan ba. Mutane ba su daina shiga jirgin ba, har ƙaruwa suka yi, kowa na son ya ga wurin. Ni kuma na bar sandar a inda take har ƙarshen damina, don in na ɗaga ta kowa zai tambayi dalili. Sai dai na ƙara ƙarfin kururuwa.

Bayan an yi girbi ruwa ya janye, jirgin ya zauna bisa yashi. Wata rana bayan la'asar Dogo ya zo ya ce ana kirana bakin gulbi. Na tarar da Malam a tsaye da wani farin rawani na kasuwa, uwarku a bayansa da ciki ya tsufa, akwatina kuma a cikin jirgin, Dogo ya karɓo shi wurin Inna ban sani ba. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Malam bai dube ni ba, da Dogo yake magana.

"Dogo, ce ma mai jirgi ya ta da kayanshi yadda suke ran nan."

Na kafa dirka, na rataya ƙyallen. Ya shiga ya zauna bisa akwatin, gwangwalar ta tsaya daidai da tabon kunnensa. Ya ce Dogo ya ce mini in kai ta inda masu abin ke kai ta. Na kwance igiyar, na ɗaga sandar har ta wuce rawaninsa, na buɗe hannuna tsakaninsu na auna taƙi, na ɗaure. Fallen nan ya sauko yana lilo a gaban fuskarsa. Sai ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Nan ya kamata ta zauna?"

Na ce nan ne.

"Ka san haka ran nan?"

Na ce na sani.

Ya shafa fallen da yatsa. Ya ce shi ma ya san ruwa bai kira shi ba, sanda ya ji a kunnensa, so yake dai ya ji daga bakina. Sa'an nan ya ba mu labarin tukkun a taƙaice, yana duban yashi. Uwarsa ta yi ta haihuwa suna komawa, shi kaɗai ya tsaya, ita ta bar masa shi. Da ya yi karatu ya so ya aske, ta kama hannunsa tana cikin ciwon ajali ta roƙe shi kada aska ta hau wurin. Ya ce bai taɓa yarda gashi na tsare rai ba, amma ya amsa wa uwarsa, kuma bai ga ranar da alkawarin ya ƙare ba. Na ce ya ba ni izini in tsaya ƙofar masallaci ranar Juma'a in faɗi gaskiya. Da gaske nake a lokacin, ko da yake ban sani ba ko da na iya.

"In ka hwaɗi, tukkun zai koma cikin rawani?" in ji shi. "Sun riga sun gani. Abin da za ka ƙara shi ne ɗiyata ta zama matar wanda ya tuɓe ubanta yana sane. Ƴan'uwanta ba su barinta ta koma, abin da ke cikinta kuwa ya tashi gidan wani. Bar su da maganarsu. Ni ta dama, ni kuwa na ɗauka."

Ya ce da uwarku ta yanke. Ta fito da almakashi daga gefen zanenta, ta bi ɗinkin ta raba fallen da ƙyallen, ba ta dube ni ba. Na zaci majanyin da ta taɓa faɗa za ta yi, sai Malam ya miƙa hannu ya karɓa, ya ninke ya sa a aljihun rigarsa. A daren ranar aka rako ta gida. Dogo ya biyo mu a baya, da muka kai ƙofa ya ce soja ya ci yaƙi da almakashin mace. Ban taɓa jin daɗin zagi kamar wannan ba.

Jirgin ya yi damina da yawa bayan haka, sandar na inda ya kamata, ƙyallen ya ragu da falle ɗaya, ban kuma ga wanda ya lura ya ragu ba. Ko daga kasuwa ana hango shi kamar da. Malam bai sake shigarsa ba, bai kuma sake kiran salla ba. Wani aka sa. Shi yakan zo da wuri ya zauna sahun baya kusa da takalma, in an sallame ya fita. Yara sun yi masa waƙa wani lokaci, ya ji, ya wuce abinsa. Manyanku sun san shi a haka, tsoho mai shiru wanda ke ba su goriba. Ba ku taɓa jin muryar da ke kaiwa har hayin gulbi in iska ta kwanta ba.

Ranar da ya rasu ina zaure tare da masu zaman makoki, don suruki ba ya shiga wurin wanka. Dogo na cikin waɗanda suka shiga. Da aka dawo daga maƙabarta ya ja ni gefe ya ce tukkun na nan, ya yi fari fat, ba wanda ya taɓa shi. Ya ce da aka zo sa likkafani uwarku ta miƙo wani ƙunshi daga ɗaki, ta ce babanta ya bar wasiyya da shi za a naɗa masa rawanin tafiya. Da suka warware sai ga fallen nan, da jan layin da gwangwala ta bari a jikinsa da hudojin igiya. Da shi suka rufe kan.

Ya ce in bar su da maganarsu saboda uwarku, na kuwa bari har ta bi shi. Ba zan ce muku biyayya kaɗai ta sa na yi shiru ba, shirun ya yi mini daɗi. Yanzu babu auren da za a kashe, babu kuma wanda maganar za ta kare sai ni. Ban ce ku je ku yi gardama da kowa ba. Amma in wani ya sake ce muku ruwa ne ya karɓi kakanku, ku buɗe hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya ku nuna masa. Iyakar abin da ya raba Malam Barmo da kiran salla ke nan, kuma hannun ubanku ne ya ƙi auna shi.